Motar Maigidana Tana Lalacewa a Tsaye, Ina Tsoron Ba da Makullinta

Assalamu alaikum Malam Ɗayyabu. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin ya tsaya mini a rai, kuma duk wanda na gaya wa a gida sai ya ɗauka maganar ƙarfe kawai nake yi. Ka sakaya sunana. Ni matar aure ce a Rano, na ba hamsin baya.

Maigidana malamin gona ne, a Kibiya ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Mutum ne mai sauƙin kai a komai ban da motarsa. Wata jar Celica ce mai ƙofa biyu, 'yar Kwatano, da ya saya tun 'yarmu Afra'u tana goye. Ranar da ya shigo da ita na yi masifa har na gaji. Manomi ɗan manomi, maimakon ya sayo akori-kura da za ta ɗauko taki, sai ya sayo abar da cikinta ke jan ƙasa, wanda zai shiga baya sai ya naɗe kamar tabarma. 'Yan unguwa suka sa mata suna Kwaɗo. Shi ko a jikinsa.

Duk Juma'a bayan la'asar zai duba baƙin mai, ya goge ta tas, ni kuma in yafa mayafina mu kama hanyar Kibiya, mu zarce Unguwar Gai mu gai da gwaggonsa. Idan hanya ta yi sarari sai ya taka ta, ni in riƙe ƙofa ina faɗa, shi yana dariya. Wallahi Malam faɗan nan na ƙarya ne, daɗi nake ji. A cikin motar nan muka yanke shawarar kusan duk abin da ya shafi rayuwarmu, don a gida yara da baƙi ba sa bari. Kuma tun da ya saye ta babu mahalukin da ya taɓa riƙe sitiyarinta sai shi. Ko Alu bakanike gida yake zuwa ya yi gyara yana tsaye a kansa, in an gama shi ne zai fita ya gwada.

Bara waccan hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ana zuwa gashi a asibiti, alhamdu lillahi yana ɗan takawa da sanda. Magana na fita da ƙyar, amma hankalinsa garau yake.

Tun daga lokacin na ɗauki kula da motar a kaina, don ranar da zai miƙe ya same ta yadda ya bar ta. Ban iya tuƙi ba. Kullum da safe ta ɓangarena nake shiga, in miƙa hannu in murɗa makulli, ta ɗan yi ɗumi kamar yadda maƙwabta ke yi wa nasu motocin, in kashe. Shi kuma ana ajiye masa kujera a bakin gareji yana saurare. In na ga ruwan lagireto ya yi ƙasa in ɗebo na rijiya in cika, in rufe motar ruf da tamfol. Da aka kawo amfanin gona bana, garejin ne kaɗai mai ƙofar ƙarfe, sai muka jibge buhunan masara da gyaɗa a gefenta.

Makon jiya da na tayar da ita sai ta kama karkarwa tana tari, salansa na ɗigar ruwa, ga wani wari na tashi. Ni ban san kan mota ba, amma shi ya sani. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi mini alama in kashe, ya juyar da kai gefe. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Na kira Alu. Ya ce ɓeraye sun ci wayoyi, kuma ko ya gyara, in ba a riƙa hawa da ita titi ba aikin banza ne. Ƙanin maigidan, Ishiyaku, ya ce a ba shi ya riƙa zagayawa da ita, amma tuƙinsa irin na masu tifa ne, ko kekena ba zan ba shi ba. Afra'u ma'aikaciyar jinya ce a Kano, ta iya mota mai giya, tana da lasisi, tana da natsuwa, kuma tana zuwa duk ƙarshen mako.

Ga inda na maƙale. Ranar da ya ga wani a kan kujerar direban motar nan, ina tsoron zai fahimci mun fitar da rai da warkewarsa. In kuma na hana, motar za ta mutu yana ji da kunnensa. Ina kewarsa Malam, alhali yana tare da ni a gida ɗaya. Ina kewar hanyar nan da dariyar nan, har in na ji wata mota ta wuce da gudu sai ƙwalla ta cika mini ido. Ya zan yi?

Mai jiran sauƙi, Rano.

*

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri. Ni ma tsohuwar mota nake hawa, saboda haka bari in fara da ƙarfen, sannan mu zo kan abin da ya fi shi nauyi.

Alu ya faɗi gaskiya. Ɗumin safe da maƙwabtanki ke yi ba ya cutar da su ne saboda daga nan titi suke hawa. Ke kuwa kina kashewa kafin injin ya yi zafin kirki, sai raɓa ta taru a cikin baƙin mai da salansa, fulogai su yi baƙi, batir ya riƙa raguwa ba ya samun caji. Fetur ɗin da ya shekara a tanki shi ma ya lalace. Ba sakaci kika yi ba, kulawa ce da ba ta dace da mota mai zaman wuri ɗaya ba.

Daga yau kada ki sake murɗa makullin sai an gyara wayoyin nan, domin waya tsirara kusa da fetur gobara ce, ga amfanin gonarku na shekara a gefe. A fitar da buhunan zuwa wani ɗaki, a toshe ramuka, a kafa tarko. Tamfol yana riƙe danshi musamman da damina, tsohon zanen gado ya fi shi. A zuƙe tsohon fetur, a yi juyen baƙin mai har da filta, a canja man birki. Ruwan rijiya tsatsa yake sawa, a wanke lagireto a zuba ruwansa mai launi da ake sayarwa a jarka. Alu ya duba bel ɗin injin da tiyon roba da tayoyi, domin roba shekaru ne ke cinye ta ko motar ba ta motsa ba. Bayan nan abin da take bukata kaɗan ne: fita sau ɗaya a mako ta yi zafi sosai, kamar zuwa Kibiya da dawowa, juye sau biyu a shekara ko ba a yi nisa ba, da direban da zai lallaɓa ta a ramuka tunda ƙasa take. Kin riga kin faɗi wadda ta dace, wato Afra'u, kuma na yarda da ke. Ishiyaku ya yi haƙuri.

To, batun kujera. Tsoronki ba shirme ba ne. Namijin da ciwo ya ƙwace wa hannu da harshe yana lura da duk abin da aka ɗauke masa, kuma in ya wayi gari ya ga motarsa ta fita ba da saninsa ba, zai ji ciwon da ya fi na makon jiya. Wannan kada ki bari ya faru.

Amma Hajiya, kin tambayi Alu, kin saurari Ishiyaku, kin rubuto mini har nan, ba ki tambayi mai motar ba. Da bakinki kika ce hankalinsa garau yake. Mutumin da ya gane ciwon injin da kunne ya san abin da tsayuwa ke yi wa mota tun Afra'u tana goye. Ba mamaki abin da ya hana shi cin tuwo shi ne yana ganin ana kuskure, harshe ya ƙi ba shi damar gyarawa.

Ki zauna da shi ku biyu. Ki gaya masa abin da Alu ya gano, ki ce motar tana bukatar hanya, ki sa makullin a hannunsa mai lafiya, ki tambaye shi wa ya yarda ya ba. Ki ba shi lokaci, kada ki ƙarasa masa magana. Idan ya ƙi, haƙƙinsa ne: sai a cire batir, a zuƙe mai, a ɗora ta a kan katako tayoyi su huta, ta jira shi cikin mutunci. Idan ya miƙa wa 'yarsa, to shi ya bayar, ba ƙwacewa aka yi ba. Sai ku tambayi likitansa, in ya amince a tura kujerar gaba baya, mutum biyu su taimaka masa ya zauna. Ke kuma ki naɗe ki shiga baya, kin san hanya. Da hannunsa mai lafiya zai nuna wa Afra'u lokacin canja giya, kuma ina tabbatar miki sai ya ga laifin tuƙinta.

Ban san ko zai sake riƙe sitiyari ba, ke ma ba ki sani ba, wannan na Allah ne. Kada ki yi masa alkawarin haka, kada kuma ki yanke masa ƙauna. Abin da na sani shi ne mutumin da kike kewa yana nan zaune a bakin gareji, shi ma yana kewarki, ba shi da bakin faɗa. Kada ki jira sai ya koma yadda yake a da kafin ki fita da shi.

Allah ya sa kaffara ne, ya ƙara masa sauƙi, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Malam Ɗayyabu