Sakamakon da Ustaz Bouchta Ya Ce In Goge

Litinin, 2 ga Oktoba, Meknes, Maroko
Shekara uku ina shafa ƙarfen nikel a kan gilashi, falle-falle, ina auna zafin da kowane falle ke rasa maganaɗisunsa. Mai kauri yana jure zafi, siriri yana saurin saki, wannan ba sabon labari ba ne. Amma fallena mafi siranta ya saki tun kafin inda lissafin Ustaz Bouchta, malamin da ke duba aikina, ya ce. Da nisa ma kuwa.
Ya duba, ya turo mini takardar. "Goge sakamakon ƙarshen nan, 'yata. Tsatsa ce kawai."
Ban goge ba.

Laraba, 4 ga Oktoba
Soufiane, da muke ɗakin gwaji ɗaya: "Ikram, da lissafin nan mutumin ya zama farfesa. Ke kuma sai da sa hannunsa za ki zama dakta. Haɗiye mana!"
Na ce shi ya haɗiye, ai maƙogwaronsa ya saba.

Juma'a, 6 ga Oktoba
Kuskus a gida. Mama: "Wai ƙarfen da ido ba ya gani ne ya ramar da ke haka?" Shi ne.

Talata, 17 ga Oktoba
Ustaz ya ce ba zai sa hannu in kare digirina a gaban malamai a Disamba ba. Na ce ya ba ni injin shafa ƙarfen na mako guda, in yi sabon falle, in rufe shi da zinariya yadda iska ba za ta taɓa shi ba.
"In tsatsa ce fa?"
"In goge da hannuna."
"In ba ita ba ce?"
"Sai ka gyara lissafinka, Ustaz."
Soufiane ya kusa ƙwarewa da shayi. Ustaz ya ba ni injin.

Alhamis, 26 ga Oktoba
Sakamako ya fito. Zafin ya ɗan hau sama, wato akwai tsatsar, kaɗan. Haushi! Amma har yanzu yana can ƙasa da lissafinsa.
Ustaz ya daɗe a tsaye. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Hannunsa ya tsufa, ban taɓa lura ba.
"Miƙo mini alli," ya ce.
Har la'asar muna gaban allo, muna gyara lissafin. A tsakiya ya yi kuskure, ƙarami, na gani sarai. Na jira sai da Soufiane ya fita sannan na nuna masa.
Ban san dalilin da ya sa na jira ba. Gajiya ce, ina jin.