Inna Ta Ga Baba a Kaset Ɗinka

Zuwa ga Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali da zaman Ikko? Mu nan Maradun lafiya lau, sai kewarka.

Kaset ɗin da ka aiko ya iso. Ranar Juma'a muka kai Inna gidan wani malamin makaranta mai bidiyo, aka sa mana. Sai ga ƙauyenmu yadda ka ɗauke shi kafin ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye shi. Ga rijiya, ga marigayi Baba yana dawowa daga fadama da fartanya a kafaɗa.

Inna ta matsa kusa da talabijin, ta ce a maido shi baya. Sau huɗu ana maidowa. Sannan ta ce mani, "Na daɗe ina faɗa da Bello kan sana'ar nan tashi ta ɗaukar hoto. Rubuta mashi na bari. Amma ya taho gida, shi nike son gani."

Yaya, idonta ya fara rauni. Don Allah ka zo tun tana iya ganinka.

Ka sa mu a addu'a. A gaida maiɗakinka da yara.

Ƙanwarka,
Hauwa'u