Na Juya Bencin Ɗalibai, Malamina Ya Juya Mini Baya

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara. Kaina ya kulle, kuma duk wanda na nufa da maganar nan sai ya ce na cika son iyawa.

Bara aka naɗa ni shugabar wata makarantar firamare, kuma a cikinta na yi karatu ina yarinya. Idan an tashi yara, nakan shiga ajinmu na dā in zauna ni kaɗai. Hasken la'asar ya ratso ta taga, ƙurar alli tana yawo a cikinsa sannu a hankali, sai in riƙa ganin wata makaranta dabam: yara sun yi da'ira suna gardama, malama tana zagayawa tana saurare, wata 'yar mitsitsiya ta ɗaga hannu ta ce ita ba ta yarda ba, kuma ba wanda ya harare ta. Har muryoyinsu nakan ji. Mijina yana tsokanata wai rabin mace ya aura, ɗaya rabin yana aji huɗu.

Zangon da ya wuce na ce mafarki ya isa haka. Na sa aka juya bencina suna fuskantar juna, na ce kowane darasi ya fara da tambayar yara. Ranar da 'yan aji uku suka fita auna inuwar bishiyar tsakar makaranta da igiya, wata yarinya da aka daɗe da yanke wa hukuncin daƙiƙanci ta tambayi malama ko gajiya inuwa take yi, shi ya sa take miƙewa da yamma. Ofis na koma na rufe ƙofa, don kada a ga shugaba tana hawaye.

Damuwata ita ce Baba Malam, mataimakina. Shi ya riƙe hannuna na rubuta baƙin farko a rayuwata. Ya ce na mayar da aji kasuwa, wai yaron da bai san komai ba me zai tambaya. Bencinan ajinsa suna nan a jere kamar yadda na bar su ina ƙarama. Sauran malamai ma bayansa suke bi: in na leƙo a yi da'ira, in na wuce a koma layi. Iyaye kuma sun fara ƙorafin ba sa ganin rubutu da yawa a littattafan 'ya'yansu.

Makon jiya ya shigo ofishina, ya cire tabarau, ya kira ni 'yarsa, ya ce in na dage, zai ajiye alli kafin lokacin ritayarsa ya yi. Kuma gaskiya ɗaya ce, Anti, yaran ajinsa sun fi kowa iya karatu. Ko ido ban iya haɗawa da shi ba. In haƙura da makarantar da nake gani a raina, ko in rasa mutumin da ya buɗe mini ido?

Mai Mafarkin Ido Biyu

*

'Yar'uwata, mafarkinki mai kyau ne, kada ki ji kunyarsa. Yarinyar da ta yi tambayar inuwa ta ishe ki shaida. Amma na lura da kalmominki: kin sa, kin ce. Kina so a saurari yara, ke kuma ba ki saurari malamai ba. Umarni yana iya juya benci, ba ya juya zuciya, shi ya sa suke komawa layi da kin ba da baya.

Baba Malam ma yana da gaskiyarsa. Tambaya tana buƙatar abin da za ta tsaya a kai, kuma yaron da bai iya haɗa baƙi ba, da'ira ba za ta koya masa ba. Ina kuma zaton ba benci ke cin ransa ba. Mutum ya tsufa yana aiki, sai yarinyar da ya yi renonta ta zo da abin da yake ji kamar ana ce masa duk ɓata lokaci ya yi.

Ki je gidansa ki gaishe shi, kada ki kira shi ofis. Ki roƙi ya bar ki ki zauna a ajinsa ki ga yadda yake sa yaro ya iya karatu. Da tsohuwar zuma ake magani. Ki ɗage dokar nan daga kan kowa, ki ci gaba da aji ɗaya ko biyu inda malaman suke so da kansu, ki nemi shi ya riƙa gwada karatun yaran yana gaya miki gaskiya. Iyaye kuwa, ki gayyace su su shiga aji su ji bakin 'ya'yansu.

Yana iya zama, yana iya tafiya. In ya tafi, ki raka shi da duk girman da ya cancanta, ki dawo ki ci gaba, domin amanar yara aka ba ki. Amma ranar da za ki je wurinsa, ki yi abin da kike roƙon malamanki su yi: ki yi tambaya, sannan ki yi shiru har ya gama.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ki ga makarantar nan da idonki.