Cajar da Baba Ya Sawo

Shagari, Talata

Yaya Mode,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina Rahamatu da yara, ina aikin shago?

Ɓera ya cinye mini wayar cajar kwamfuta, batir kuma ya mutu. Binciken kammala karatuna na ciki, ba ni da shi ko'ina, kuma Litinin za a karɓa. Wanda bai kai ba sai baɗi. Baba Na'Allah, mahaifin maigidana Sulaiman, ya ji zancen, ya tafi kasuwa da ƙafarsa ya sawo mini wata. Na gwada bakinta, ya shiga daidai, amma ban jona wuta ba. Ga abin da na kwafo, don ta wayar salula kuskure za mu yi: ƙarƙashin kwamfuta 19V, 3.42A. Jikin cajar 24V, 2A. Zanen ƙwallon nan mai alamar tarawa da ɗebewa ma na zana maka duka biyu. In jona?

Ƙanwarka,
Habiba

Boɗinga, Laraba

Habiba,

Bayan gaisuwa, kul! Kada ki jona. Shigar baki ba ita ce dacewa ba, kullum sai na faɗa wa mutane haka a shagon ga.

Lambar V dole ta zo daidai, sha tara da sha tara. Ta A ta kai ta kwamfutar ko ta fi, taki ba ta kai ba. Zanen da kika yi kuma, kwamfutar tana son alamar tarawa a tsakiya, cajar Baba ɗebewa ce a tsakiya. Duka uku ta faɗi. Kina jonawa za ki ji ƙauri, shi ke nan.

Ki ɓoye ta, ki ce masa ta yi. Direba Altine zai kawo maki wata Asabar. Tsoho ba zai sani ba.

Ki gaida Sulaiman.
Mode

Shagari, Alhamis

Yaya,

Na gode, Allah shi bar zumunci. Amma shawararka ta biyu ban ɗauka ba. Baba kullum sai ya zo ƙofar ɗaki ya tambaya, “Ɗiyata, ta kama?” Jiya har tabarma ya sa aka shimfiɗa masa, wai sai ya ga ta haska da idonsa. Sulaiman kuwa ya sulale gonar albasa ya bar ni da shi.

Shekara shida ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, balle in maida masa kyauta. Na durƙusa, na ajiye kwamfuta da caja da takardarka gabansa, na ce, “Baba, a gafarce ni, ba za ta yi ba.” Na nuna masa lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Ya sake bin lambobin da ido. Can ya ce, “Kamar a ɗaura babban injin ban ruwa ga ƙaramar tiyo ke nan?” Na ce haka ne. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki takardarka, ya fita. Yau bai zo ƙofar ɗakin ba, kuma raina ba daɗi.

Habiba

Boɗinga, Juma'a

Habiba,

Kada ki jira Altine. Da hantsi na ga tsoho tsaye bakin shago, takardata a hannunsa, har an karanta masa ita. Bai yarda ya karɓi sabuwar caja ba sai da na karanta masa duka uku a jikinta, yana bi da yatsa. Ya hana ni sa ta a leda, aljihunsa ya sa ta.

Ya ce mini, “Kai ka ce ta yi mini ƙarya, ita ta ƙi.” Na ba shi haƙuri.

Yana hanya. Ki shimfiɗa masa tabarma.

Mode