Wuƙar Yankan Kirsimeti

Da sunan Allah. Ni Siddiƙu Baduku na Ƙofar Marke na rubuta wannan ga 'ya'yana Zayyanu, Atika da Junaid. Hannu yana rawa, amma hankalina garau yake.

Na ɗaya. Gida da rumfar fata a raba yadda shari'a ta ce.

Na biyu. Wuƙata mai jan kube a ba Zayyanu, da aikin da ke kanta. Shekara talatin da ɗaya, duk Kirsimeti maƙwabcinmu Malam Nathaniel yakan aiko in yanka masa akuya, don Musulmin layi su ci girkin matarsa Martha. Ya san ba ma cin yankansa, bai taɓa ɓata fuska ba. Ni ma duk layya cinya guda tasa ce.

Bara bai aiko ba. Ina kwance na ji kukan akuya ta katanga, na ji bisimillar Lawwali, wani mahauci na unguwar Gawon Nama da bai san ko sunan 'ya'yan gidan ba. Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba. Da Martha ta aiko da kwano, na mayar ban buɗe ba. Wata goma ke nan ba na amsa gaisuwarsa.

Na uku. Junaid, kai da kake yawon taron zaman lafiya, ka ce mini duk ɗan Adam ɗaya ne, a daina tambayar wa ya yanka, a haɗa biki guda na kowa da kowa. Kuma a zauren Nathaniel kake baza wannan ilimi, kana ce masa Baba, ni sai gaisuwar tsaye. Wannan ma ya ci mini rai. To ka ji: Nathaniel bai taɓa cewa ni da shi ɗaya muke ba. Ya san bambancinmu, shi ya sa yake ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ranar da kuka mai da mu ɗaya, ba shi da sauran dalilin kirana.

Na huɗu. Atika, sai makon jiya kika gaya mini abin da ya faru: Nathaniel ya ga hannuna na rawa wajen shan shayi, ya ji tsoron wuƙa ta kunyata ni gaban jama'a. Ki je ki roƙa mini gafararsa. Ki ce wa Martha har yau ina jin ƙanshin kwanon nan.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Kada ku watse, kada ku toshe ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajen nan biyu.

Zayyanu, saura wata biyu Kirsimeti, kuma ba na jin zan kai. Ka wasa wuƙar tun jajibere. Kada ka jira aike, ka riga Lawwali zuwa.