Wayar da Ta Yi Ta Ƙara Ranar Asabar

Guangzhou, Nuwamba 1998

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Ni da Kawu Shitu muna nan ƙalau, kullum muna kasuwar Guangyuan wajen zaɓen kaya. Jikina lau yake, amma wani abu ya faru a masaukinmu wanda ya tsaya mini a rai.

Akwai wani tsoho Bayahude ɗan Maroko, mai sayen yadi, da ke ɗakin da ke kallon namu. Baba Mayir muke ce masa. Da ya ji na karanta Larabci a jami'a sai ya riƙe ni abokin hira, ni kuwa kin san ni da tambaya. Ya ce malamansu na da sun ƙirga umarnin da ke cikin Attaura ɗari shida da goma sha uku, duk suna jingina su ga Annabi Musa. Wasu dalilinsu a fili yake, kamar hana kisa da sata. Wasu don tunawa ne, kamar hutun Asabar, ranar da ko bawa da jaki sai sun huta. Wasu kuma ba a faɗi dalilinsu ba, kamar hana sa rigar da aka haɗa ulu da lilin, shi ya sa yake warware zaren kowane yadi kafin ya saya. Na tambaye shi amfanin dokar da ba a san dalilinta ba. Ya yi dariya, ya ce mutanen da aka raba da ƙasarsu da ɗakin ibadarsu, dokar ce ta zama gidansu, kuma ba a tambayar gida dalilin kowace azara.

Ranar Asabar da safe aka same shi ya rasu a kan gadonsa. Aka kai shi wani asibiti. Tafinta ya gaya mana gawar da ba mai karɓa ƙonawa ake yi, kuma mai masauki yana gaggawar a rufe maganar. Ban ga wannan a rubuce ba, abin da aka gaya mini nake gaya miki. Amma na san a addininsu ƙona gawa haramun ne, ƙasa ake mayar da mutum, kuma ba a barin mamaci shi kaɗai har a binne shi. Da farko Kawu ya ce ina ruwanmu da gawar Bayahude, na zo koyon kasuwa ne ko jana'iza. Da ya ji kalmar ƙonawa sai ya ɗauki hularsa, ya riga mu fita.

Ɗansa Eliyahu yana Faransa. Souleymane, mutumin Maraɗi da ke jin Faransanci, ya buga masa waya, ba a ɗauka ba. Ya sake, ya sake. Sai na lissafa: safiyar Asabar a nan Juma'a da dare ce a can, hutunsu ya shiga tun faɗuwar rana, kuma mai kiyaye Asabar ba ya taɓa waya. Baba Mayir ya taɓa gaya mini ana karya Asabar don ceton rai, amma ba don wanda ya riga ya mutu ba. Yaya, na yi ta ganin wayar nan a raina tana ƙara cikin falo, jikokinsa na zaune kusa da ita suna cin abinci. Muka zauna a bencin ƙofar ɗakin gawa, wannan ya tashi wannan ya karɓa. Duk ma'aikacin da ya zo da takardar fitar da gawar, Kawu sai ya tare ƙofa yana cewa meiyo, wato babu, don iyakar Sinancinsa ke nan.

Sai safiyar Lahadi aka ɗauka. Da Eliyahu ya iso, gaban rigarsa a yage yake ta hagu. Kawu ya ɗauka a hanya ta yage, ya aika aka kawo sabuwa daga cikin kayanmu, yana cewa ɗan mutum ba zai tsaya gaban gawar ubansa da tsumma ba. Eliyahu ya riƙe rigar yana kuka. Ya ce da hannunsa ya yaga, al'ada ce da suke kaiwa ga Annabi Yaƙub lokacin da aka ce masa Yusuf ya mutu. An hana su tsaga jiki don baƙin ciki, sai tufa ta ɗauki tsagar, kuma wadda aka yi don uba ba a yi mata ɗinkin da zai ɓoye ta. Na tambaye shi ko ya ji haushin dokar da ta hana shi ɗaukar waya. Ya ce ubansa ne ya koya masa ita. An kai gawar maƙabartar Yahudawa ta Hong Kong. Wuta ba ta taɓa shi ba, amma yana kwance inda babu ɗan'uwansa ko ɗaya.

Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Lambar da na bari a masauki ta gidan maƙwabcinmu Malam Munkaila ce, kuma kin san falon a kulle yake wuni. Ki roƙe shi, don Allah, duk lokacin da ta yi ƙara a samu wanda zai ɗauka. Kada ki gaya wa Inna dalili.

Ki gaida Inna, da Najiba, da Nana Khadija, da Gwaggo Rekiya. Ku sa mu a addu'a, Allah Ya dawo da mu da ƙafafunmu.

Ƙaninki,
Abdulhakeem