Abin da Likita Ya Ce Kan Rasuwar Sharafaddeen

Akurba, Lafia.

Zuwa ga Gwaggo Halimatu Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Maiduguri. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan da sauƙi, Inna ta fara fitowa tsakar gida, sai dai har yanzu in ta ji ƙarar babur a ƙofa takan ɗaga kai. Ya ƙarin haƙurinmu?

Gwaggo, na ji abin da aka kai miki, wai Huseina ce ta yi wa mijinta wani abu, tunda tare suka kwanta ciwo, ita ta tashi, shi ya tafi. Ni na yi jinyar ƙanena, shi ya sa na ce bari in rubuto. Da tari da zazzaɓi ya dawo daga gonarsa ta Shabu, muka ɗauka mura ce. Kafin mu farga numfashi ya gagare shi, aka sa masa oksijin.

Na tambayi likitan, Dakta Terseer, yadda ƙato kamar Sharafaddeen zai faɗi haka. Ya zaunar da ni, ya ce a jinin kowa akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ke fara isa huhu idan cuta ta shiga. Ba sai sun taɓa sanin cutar ba, suna gane ƙwayar jikin da ta kamu su kashe ta kafin ta yaɗu. Ya ce na Huseina sun ci ƙarfin cutar da wuri. Idan kuwa ciwo ya tsananta, sai su ragu, waɗanda suka saura su gaji, kumburi ya mamaye huhu har ruwa ya taru. Ya ce ƙarfin damtse ba ya nuna wannan, kuma bai ga alamar guba ba.

Huseina tana takaba, ga ciki. Maganar ta kai kunnenta, ta daina cin abinci sosai. Jiya ta ce mini da ita ce ta tafi da kowa ya huta. Gwaggo, maganarki ake ji a gidan nan. Don Allah ki kira ta, ko gaisuwa ce kawai.

Inna da Asama'u suna gaishe ki. A gaida Kawu Babagana da Kamila. Allah ya jiƙan Sharafaddeen, ya sa ya huta.

Ɗanki,
Ashemi.